Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa babbar manhajar Windows 10 kariyar da ya saba aiko mata duk wata, bayan shekara 10 da fitowarta. Ya bar ƙofar ƙarin wa'adin shekara guda ga wanda ya yi rajista, amma manufar a fili take: a koma Windows 11. Ita kuwa Windows 11, tun fitowarta a 2021, ba kowace kwamfuta take yarda ta hau ba. Galibi tana neman furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko ta AMD daga jerin Ryzen 2000, sannan tana neman wani ɗan ma'ajin sirri mai suna TPM 2.0. Ta haka kwamfutoci masu yawa, lafiyarsu ƙalau, suka wayi gari an bar su a baya.

Inda albashi ke da auki, sabuwa ake saye a wuce wurin. A nan kuwa, inda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, lissafin daban ne. Wanda ya harhaɗa kwamfutar teburinsa da hannunsa yana da wata mafita: ya sauya gaɓar da ta tsufa, ya bar sauran. Ni ina cikin waɗannan. A 2018 na haɗa tawa a ɗakina da ke Mabera, a kan madabod samfurin B450, wato babban farantin da duk sauran kayan ke hawa kansa, da furosesa Ryzen 5 1600. A cikinta nake tace sauti da bidiyo, a cikinta kuma hirarrakin shekaru suke, har da waɗanda na yi da mutanen da rikicin 'yan bindiga ya koro daga yankunan Isa da Sabon Birni da Rabah, mutanen da suka yi magana bisa alkawarin ba za a ji sunansu ba.

A farkon hunturun 2025 na sayi sabuwar furosesa Ryzen 5 5600, da sille biyu na RAM na hannu, kowanne gigabait 16, daga wani ɗan kasuwa da ke wajen jihar. Na kwafe ayyukana a wani faifai na daban, na sabunta manhajar madabod, sannan na fara da RAM domin shi ya fi sauƙin sakawa. Na danna maɓalli, fankoki suka juya, monita ta tsaya baƙi ƙirin. Na mayar da tsoffin sillen da suka yi shekara 7 suna aiki ba tare da gardama ba. Monita ta ci gaba da zama baƙi ƙirin.

A irin wannan lokaci ne zuciya ke raya wa mutum cewa ya ƙona komai. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, kwamfutar da ta ƙi tashi da wuya a ce mutuwa ta yi. Tsayawa ta yi a wani mataki sananne, da gangan aka ƙera ta ta tsaya a nan, kuma yawanci tana nuna matakin ga wanda ya san inda zai duba.

Tsakanin danna maɓalli da bayyanar hoto

Duk wanda ya taɓa shiga motar safe daga Sakkwato zuwa Kano ya ga yadda ake yi kafin a ɗaga. Yaron mota ya zagaya ya bubbuga tayu, a duba ruwa da baƙin mai, a ƙirga fasinja, sai ya bugi jikin mota direba ya ja. Idan taya ta yi sanyi ba a tashi, komai ƙorafin fasinja. Kwamfuta ma haka take yi, sai dai ita cikin daƙiƙoƙi.

Matakin farko na akwatin wuta ne. Shi ke karɓar wutar bango mai ƙarfin bolt 230 ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3, bisa tsarin ATX da Intel ya fitar a 1995, wanda har yau kusan duk kwamfutar tebur ke bi. Da ka danna maɓalli, madabod ke ba shi umarni ta koriyar waya. Shi kuma sai ya jira wutarsa ta daidaita, abin da ba ya wuce rabin daƙiƙa, kafin ya aiko da shaida ta waya mai ruwan toka cewa wuta ta zauna. Idan shaidar ba ta zo ba, furosesa ba za ta motsa ba.

Mataki na biyu na wata ƙaramar manhaja ce da ke zaune a cikin madabod ɗin kansa. Sunanta BIOS, kalmar da Gary Kildall ya fara amfani da ita a manhajarsa ta CP/M a 1975, kafin IBM ya yaɗa ta da kwamfutarsa ta 1981. A yau wani sabon tsari mai suna UEFI ya gaje ta, amma tsohon sunan ya ƙi barin bakin mutane. Ita ce yaron motar. Takan tabbatar ta san furosesar da ke kanta, ta gwada RAM, ta nemo katin hoto, ta ƙirga sauran kayan. Sai duk wannan ya kammala take neman faifan da Windows ke ciki ta miƙa masa ragama.

Dalilin wannan tsauri a bayyane yake. Duk abin da kwamfuta za ta rubuta a faifai sai ya bi ta cikin RAM. Idan ta tashi da RAM mai ciwo, za ta iya ɓata fayilolinka ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta ce uffan ba, sai ranar da ka buɗe hira ka tarar da ita a dagule. Hausawa sun riga injiniyoyi faɗa: da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Shiru kashi uku ne

Kalmar "ta ƙi tashi" tana rufe matsaloli uku da ba su haɗa hanya ba, kuma rarrabe su rabin aikin ne.

Na farko, a danna maɓalli babu fanka, babu fitila, babu komai. Wannan zancen wuta ne. A duba soket, da makunnin da ke bayan akwatin wuta, da babbar waya mai baki 24, da ta furosesa mai baki 8 da ke can saman madabod, wadda hannu kan ture ba a sani ba. Masu gyara kan gwada akwatin wuta shi kaɗai ta hanyar cire shi daga madabod su haɗa koriyar waya da baƙa da ɗan guntun ƙarfe. Idan fankarsa ta juya, aƙalla da rai. Amma kada a kwance murfinsa, domin yana riƙe wutar da za ta iya yi wa mutum illa ko bayan an zare shi daga bango.

Na biyu, fankoki na juyawa amma babu hoto. A nan binciken BIOS ne ya tsaya a hanya. Tsoffin kwamfutoci da ƙara suke magana: gajeren "tit" guda ɗaya lafiya ke nan, sauran kuwa sai an duba littafin madabod, domin kowane kamfani da yadda ya tsara nasa. Yawancin na yanzu suna da ƙananan fitilu huɗu a gefe, ta furosesa, ta RAM, ta katin hoto da ta faifai. Sukan kama ɗaya bayan ɗaya su mutu. Wadda ta kama ta zauna, a nan aka tsaya.

Na uku, hoto ya fito, tambarin madabod ya bayyana, amma Windows ta ƙi hawa. Wannan kwamfuta ta riga ta ci jarrabawar kayan aiki. Matsalarta saiti ne ko faifai.

Tawa a kashi na biyu take, fitilar RAM ce ta kama ta zauna. Wannan kaɗai ya wanke akwatin wuta daga babban zargi, ya nuna furosesa ta amsa gaisuwa, ya kuma nuna ba a ma kai ga faifai ba. Don haka da wani mai gyaran waya a unguwa ya ce mini cikin kyakkyawar niyya, "Malam, kawo ta a yi mata fomatin," na yi masa godiya kawai. Fomatin goge faifai ne. Kwamfutar da ba ta kai ga faifai ba, goge shi ba zai ƙara mata komai ba, sai dai ya raba ka da abin da ya fi ita kanta daraja.

A rage shaidu, a tambaye su ɗaya ɗaya

A ajin koyon aikin jarida an koya mana cewa idan mutum biyar suka ba ka labari a tare, ba ka san wanda ya gani da idonsa ba sai ka ware su. Da wannan ƙa'ida na bi kwamfutar. Na zare faifan ajiya gaba ɗaya na ajiye shi a aljihun tebur, domin duk abin da zai biyo baya kada ya shafe shi. Na cire duk wata waya da ba dole ba. Aka bar madabod, furosesa da fankarta, katin hoto, da sille guda na tsohon RAM a rami na biyu daga furosesa, wanda shi yawancin littattafan madabod ke cewa a fara cikawa. Katin hoto dole ne a nan, domin Ryzen 5 1600 da 5600 duk ba su da sashen hoto a cikinsu. Wanda ya soka wayar monita a bayan madabod maimakon kati zai ga baƙi ko da komai lafiya yake.

Sharaɗin shi ne sauyi ɗaya, gwaji ɗaya, a rubuta sakamako. Wanda na fara zargi ƙura ce, domin a Sakkwato ita ce ɓarawon da kowa ya sani. Na busa ramukan da 'yar robar busa iska, na share su da burushi mai laushi, na goge haƙoran sillen da sifirit. Ba a busawa da baki, saboda danshin numfashi. Na gwada. Fitilar ta sake kamawa ta zauna. Ƙura ta fita daga zargi.

Na biyu shi ne saitin da BIOS ke riƙewa. A kan kowane madabod akwai ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, mai bolt 3, wanda ke riƙe agogo da saiti idan babu wuta. RAM na DDR4 yana da gudun da aka haife shi da shi, kamar 2133 ko 2400, sannan akwai saitin da ke tura shi sama zuwa 3000 ko 3200. Duk lokacin da aka sauya sille, madabod kan zauna ya auna lokutan da zai riƙa magana da shi, abin da kan ɗauki daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna monita na baƙi. Idan awon ya ci tura, wani madabod yakan koma saitin asali da kansa, wani kuma ya maƙale yana maimaita abin da ya gaza. Na zare wuta daga bango, na danne maɓalli na ɗan lokaci domin ragowar wuta ta fita, na cire batirin na minti biyar, na mayar. Fitilu huɗu suka kama suka mutu a jere. Hoto ya fito.

Saura a san abin da ya jawo maƙalewar tun farko. Sabon sille na ɗaya shi kaɗai: ta tashi. Na biyu shi kaɗai a ramin nan dai: ta ƙi. Na cire batir, na kai shi wani ramin: ta ƙi. Na ɗaya a wannan ramin: ta tashi. Rami ba shi da laifi ke nan. Amma majiya ɗaya ba ta isa a buga labari ba. Na ɗauki sillen zuwa shagon wani matashi mai buga takardu da katin biki a bakin titi, wanda na san kwamfutarsa DDR4 take ɗauka. Tambayarsa ta farko ita ce tambayar da ta dace: "Yallaɓai, mi kac canza na ƙarshe?" Muka saka a tasa, ita ma ta yi shiru. Matsala biyu ce ta hau kan juna: mataccen sille, da saitin da ya maƙale saboda shi. Shi ya sa mayar da tsohon kaya bai wadatar ba.

Abin da zama a Sakkwato ke ƙarawa

Yawancin bayanan gyara da ke intanet an rubuta su ne domin mutumin da zai iya mayar da kaya kanti gobe a ba shi wani, ko yake da akwatin wuta na biyu a ƙarƙashin gado. Mu kuwa kayan kwamfutar tebur yawanci daga Ikeja a Legas suke taso mana, tafiyar kilomita 1,000 ko kusa da haka, ko daga titin Beirut a Kano, sama da kilomita 500, a ba direba saƙo a tasha. Wanda ya yi hasashe ya sayi sabon madabod alhali sille ne ya mutu, ya yi asarar kuɗi da mako biyu, matsalar kuma tana nan. Ga shi a 2025 farashin DDR4 ya yi sama, bayan manyan masu ƙera shi, Samsung da SK Hynix da Micron, sun karkata ga sabbin samfura da buƙatun cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira. Bin mataki a hankali shi ke maye mana gurbin kuɗin gwaji. Shi ne kuma hujja: bidiyon gwaje-gwajen nan na tura wa ɗan kasuwar, ya musanya mini sillen ba tare da doguwar magana ba.

Yanayi ma da nasa. A hunturu danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, lokacin da mutum ke jin tartsatsi idan ya taɓa ƙofar mota ko ya cire rigar sanyi. Tartsatsin da bai kai a ji shi ba ma yana iya lalata sillen RAM. A taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar kafin a taɓa kayan ciki, a riƙe su ta gefe, kada a yi aikin a kan darduma ko bargo. A bazara kuwa, da zafi ke haura digiri 40, man da ake shafawa tsakanin furosesa da fankarta kan bushe ya zama kamar siminti. Furosesar AM4 tana da siraran ƙafafu 1,331 a ƙasanta. Wanda ya fizgi fanka kai tsaye zai iya tumɓuko ta daga mazauninta ya lanƙwasa su. A murza fankar hagu da dama a hankali har ta saki.

Sai wuta. Madabod na 2018 bai san furosesar da ta fito bayansa ba sai an sabunta masa BIOS, kuma da tsohuwar furosesar ake yin haka, sai fa idan yana da maɓallin sabuntawa daga filashi kai tsaye. A Mayun 2020 AMD ya fara cewa B450 ba zai ɗauki sabon zubin ba, sannan ya janye cikin makonni biyu bayan koken masu saye. Da bai janye ba, da madabod ɗina ma sai na sauya. Sabuntawar 'yan mintuna ce, amma idan aka ɗauke wuta a tsakiyarta madabod na iya zama faranti kawai. Ba a yin ta a kan wutar da ba a san ranta ba. Ni a kan batirin sola na yi tawa, da rana tsaka, batir a cike.

Tambayar da ta fi baƙar monita haɗari

Bayan RAM ya zauna, na mayar da faifai, na saka sabuwar furosesa. Monita ta yi baƙi na kusan minti biyu, abin da na riga na san awo ne. Sai rubutun Turanci ya fito, fari a kan baƙi. Ma'anarsa: an ga sabuwar furosesa, ma'ajin sirri ya sauya. Danna Y a goge shi a fara sabo, amma idan faifanka a kulle yake da BitLocker, ba zai buɗu ba sai da mabuɗin ceto. Danna N a bar shi, ka mayar da tsohuwar furosesa.

A kwamfutocin AMD irin tawa, TPM ɗin nan da Windows 11 ke nema a cikin furosesa yake. Shi ke riƙe sirrin buɗe faifan da aka kulle. Sauya furosesa kamar sauya mai gadin da ke riƙe da makulli ne. Mutumin da ya yi kwana biyu yana kallon baƙar monita, da ya ga rubutu zai danna duk abin da zai wuce da shi gaba, kuma a nan ake yin asarar da ba ta gyaruwa. Sille ya mutu a sayi wani. Faifan da aka kulle aka rasa mabuɗinsa kuwa, babu mai gyara a Sakkwato ko Legas ko Amurka da zai buɗe shi, domin an gina kullen ne don kada ya buɗu.

Ni da kaina na kulle faifaina, saboda sunayen da ke ciki amana ce. Mabuɗin ceton lambobi 48 ne, kashi 8, kowanne lamba 6, kuma suna rubuce a takarda tun ranar da na kulle shi. Na danna Y, shuɗin shafi ya nemi lambobin, na shigar, komai ya dawo inda na bar shi.

Abin lura ga likita da lauya da akanta da malamin jami'a shi ne, ba sai ka kulle da kanka ba. Tun daga zubin 24H2 na 2024, Windows 11 kan kulle faifai da kanta idan aka girka ta sabuwa aka shiga da asusun Microsoft, ta ajiye mabuɗin a asusun. Da yawa daga cikinmu wani yaro ne a shago ya buɗe mana asusun da imel ɗin da ba mu san kalmar sirrinsa ba. Irin wannan kwamfuta tana aiki lafiya har ranar da aka sauya mata madabod ko furosesa, ko aka taɓa wani saitin BIOS, sai ta nemi lambobin da mai ita bai taɓa jin labarinsu ba.

Binciken da BIOS ke yi ma yana da iyaka. Yana kama sillen da ya mutu murus, amma mai ƙaramin ciwo kan wuce. Don haka da sillen musanya ya iso na bar manhajar MemTest86 ta kwana tana gwada su kafin na amince musu da aikina. Tsoffin sillen biyu kuwa ban sayar ba. Suna cikin ledarsu tare da sabon batir da sukundireba, kuma sau biyu ke nan abokan aiki suna aiko a ara musu domin gwaji. A garin da kayan gyara ke da nisan kwana biyu, sille guda da aka tabbatar da lafiyarsa kayan aiki ne na unguwa gaba ɗaya, kamar tsani ko baro.

Ƙarin wa'adin Windows 10 zai ƙare ranar 13 ga Oktoban 2026, kuma kafin nan kwamfutoci da yawa za su sha kwancewa a Mabera da sauran unguwanni. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin sukundireba ta taɓa akwatin, a kwafe ayyuka a faifai na daban, a buɗe saitin Windows a duba ko faifan a kulle yake, idan a kulle yake a nemo lambobin nan 48 a rubuta su da biro, a ajiye takardar inda ake ajiye takardun gida.